Baƙar Munduwar Inna

Jikata ce ta jawo min duk wannan ruɗanin. An ba su aiki a makaranta, wai kowa ya zano garin kakansa, da duwatsunsa da ruwansa da abin da aka san shi da shi. Ta zo ta shimfiɗa min farar takarda a kan teburin cin abinci a flat ɗinmu na Woolwich, ta yi min bayani da Turanci, na amsa mata da Hausa, kamar yadda muka saba. Na ce wannan ai ba aiki ba ne, garin da aka binne cibiyata ko ido a rufe na zana shi. Na zana dutsen, na zana ƙoramar, na zana hanyar da ke hawa tana lanƙwasa, na ɗora gada a kan ruwan. Sai uwarta, wato 'yata, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Baba, wannan gadar fa? Ba kai ka ce a ƙafa kuke tsallakawa ba?" Na tsaya ina kallon takardar. Gaskiyarta, ƙauyenmu bai taɓa yin gada ba. Gadar da na zana ta wani ƙauye ce can a ƙasar Italiya, wanda ƙafata ba ta taɓa takawa ba, amma ga ni na san ta har da dutsen da ya ɓalle a gefenta na hagu.

Yarinyar ta ɗauko waya ta ce mu duba taswirar nan da ake gani daga sama, a huta da gardama. Muka bi kwalta da yatsa har inda na san ya kamata a juya. Abin da muka tarar rami ne ƙato cike da koren ruwa, da rabin dutse a tsaye kamar an gutsure shi. Ta ce min, "Nan ne?" Na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma abin ya ba ni haushi, har na ce ta kashe wayar. Tun ranar nake juya abin a raina, ina ƙoƙarin raba nawa da na wani.

Abin da nake da tabbas a kansa shi ne, ƙauyenmu yana zaune ne a wani lungu tsakanin duwatsu biyu, babba da ƙarami, muna ce musu Uwa da 'Ya. Uwa ce ke tare mana gabas, shi ya sa rana ba ta faɗo mana sai hantsi ya ɗaga, mutanen ƙasa sun daɗe a gona mu muna cikin inuwa. Daga wani kogo a ƙugun Uwa ƙorama ke fitowa, ta bi ta bayan gidaje, ta gangara kwari, a nan take zube wani baƙin yashi mai sheƙi da ban sake ganin irinsa a ko'ina ba. Mota ba ta hawa wurinmu. Jaki yana hawa, shi ma sai ya tsaya ya yi tunani a lanƙwasa ta uku. Da safe rema ke fitowa su jeru a kan falalen dutse suna shan rana, birai kuwa ɓarna ce aikinsu, ba a shanya komai a bar shi ba mai tsaro. Yadda aka yi muka hau can, kowane tsoho da nasa labarin. Kaka, mahaifin Babana, yana cewa daga gabas kakanninmu suka zo, mahara suka koro su, suka hau dutse don a bar su su sha iska, da sana'arsu suka zo a ka. Wani tsoho maƙwabcinmu yana cewa sam, a nan aka tsince ta, wata mata ce ta hura wuta a kan yashin kwari, kanwarta ta zube, da gari ya waye ta ga wani abu yana ƙyalli a cikin toka. Kowannensu yana rantsuwa, kuma duk sun mutu ba su daidaita ba.

Sana'ar kuwa gilashi ce, mundaye da duwatsun wuya. Ni da ƙarar zuga-zugi na buɗi ido, tun kafin kiran salla ya gama sauka daga kan dutse za ka ji ta gida-gida, kamar garin ne gaba ɗaya yake numfashi. Mu yara mu ke ɗebo gawayin ƙirya, mu wanke kwalabe a ƙorama, mu farfasa su, yatsunmu duk tabo. Mata na zaune a inuwar tsamiya suna jera mundaye a igiya, ƙararsu na tashi siriri, da ita ake gane gidan da aka yi aiki mai kyau. Doka biyu ce a bakin tanderu, ba wanda ya rubuta su kuma ba wanda ya taɓa karya su. Ta farko, mutum ba ya aiki shi kaɗai, dole wani ya riƙe masa wuta yana zuga, shi yana juya ƙarfe. Ta biyu, abin da aka ƙera ba ya ganin iska, sai a tura shi cikin toka mai zafi ya kwana. Yanzu jikata idan ta taɓa kofin shayi mai ɗumi sai a ruga da ita famfo. Mu a shekarunta mun san zafin narkakken gilashi da fatarmu, kuma ba na cewa hakan ya fi, ina faɗin yadda aka yi ne kawai.

Kaka ne na ƙarshe da ya iya dafa baƙin gilashi daga yashin kwari da kanwa. Bayan kaka yake yi, in an gama girbi, wuta ta yi kwanaki ba a bar ta ta mutu ba. A zamanin Baba kwalabe suka yawaita, na turare, na magani, na lemo, sai kowa ya ga wahalar yashi ba ta da amfani. Baba yakan ce kwalba kwalba ce, kore da fari da ruwan ƙasa duk a zuba su tukunya ɗaya, wuta za ta sasanta su. Da wannan maganar na tashi. Da Kaka ya rasu baƙin gilashi ya bi shi, abin da ya rage a gidanmu munduwa ɗaya ce da ya ƙera wa Inna, mahaifiyata, da hannunsa shekarar da aka kawo ta. Ita ma ta rabu biyu, ta suɓuce mata a kan dutsen wanki tun ina ƙarami. Sau nawa ta roƙi Baba ya haɗa mata, ya ƙi, bai kuma taɓa faɗin dalili ba. Ni da na shiga makaranta a ƙasa, na fara jin kaina, sai na ɗauka camfi ne irin na mutanen dutse.

Sai kuɗin man fetur suka zo. Wanda bai ga lokacin nan ba ba zai gane ba, ni ma da na gani ban gane ba. Kamar an buɗe famfo an manta ba a rufe ba. Katafila ta iso gindin dutsenmu, samari suka gangara aikin hanya ba su sake hawowa ba, kasuwa ta cika da mundayen roba masu kala goma waɗanda ko an taka ba sa fashewa. Gidajen da ake jin zuga-zugi suka riƙa raguwa. Ni kuma gwamnati ta kira ni, kusan da lallashi, wai ana buɗe sababbin jami'o'i, ana neman waɗanda za su je London su koyo ƙera kwalaben ɗakin gwaje-gwaje. Da suka tambaye ni sana'ar gidanmu na ce noma. Kunya nake ji. Ga shi abin da za su tura ni in koyo shi ne abin da nake ɓoyewa, amma a lokacin ban ga abin dariya a ciki ba.

Safiyar da zan sauka, Inna ta ja ni bayan rumbu ta ciro wani ƙullin tsumma daga lalitarta. Ta ce, "Tunda can ne aka fi kowa sanin gilashi, ka haɗa min ita. Kada ka aiko da ita a hannun kowa. Da hannunka za ka dawo min da ita." Na ce, "An gama, Inna, wannan ai ƙaramin abu ne." Ban ko buɗe ƙullin ba na jefa shi a aljihu, hankalina yana kan jirgi.

A Peckham na sauka, flat ɗaya da wani ɗan Jos mai karatun injiniya, mutumin kirki mai yawan tsokana. Kullum da safe in hau jar bas mai bene har Aldwych, in gangara ƙarƙashin wani ginin kwaleji inda ɗakin aikin yake. Ranar farko na tsaya a bakin ƙofa ina neman tanderu, ban gani ba. Ba hayaƙi, ba gawayi, ba mai zuga. Wata 'yar shuɗiyar wuta ce kawai ke fitowa daga bakin ƙarfe tana huci, da jerin fararen bututai a bango, masu tsabta kamar ruwan sama. Maigidan wurin wani tsoho ne ɗan Italiya, gajere mai faɗin ƙirji, kumatunsa sun saki saboda shekarun busa. Turancinsa a karye, nawa ma a karye, sai muka fi fahimtar juna fiye da yadda muke fahimtar 'yan ƙasar. Ban yi mako ba ya zo ya tsaya a bayana ina juya bututu a wuta. Ya ce, "Wa ya koya maka juya hannu haka?" Na ce ba kowa. Ya kama babban yatsana ya juya shi, ya nuna min tabon ƙuna, sannan ya nuna min nasa a daidai wurin. Ya ce, "Ka yi wa malaman saman bene ƙarya in kana so. Ni kada ka yi min."

Daga ranar, in an tashi hutun rana, sai ya buɗe burodinsa da cuku, ni in buɗe nawa guzurin, mu yi ta musayar ƙauyuka. Ashe shi ma ɗan dutse ne. Ƙauyensu yana kan wata mashiga tsakanin tsaunuka, a bayansu kurmi ne wanda daga shi ake saro itacen tanderu, a gabansu in an gangara sosai sai teku. Ya ce akwai gadar dutse a bakin gari, ƙanƙara tana rufe hanya da sanyi, kuma in sanyi ya kama ake kunna wuta da addu'a da biki, ba a kashe ta sai zafi ya dawo. Ya ce su ma tsofaffinsu ba su daidaita ba a kan asalinsu, wasu na cewa baƙi ne suka zo daga arewa da sana'ar, wasu na cewa masu ibada ne suka kira su saboda yawan itace. Gidaje kaɗan ne ke da sirrin, uba ya ba ɗa, kuma mazansu sun saba ɗaukar bututun busa su bazu ƙasashe. Bayan yaƙin duniya injuna suka zo suna zubo kwalba dubu kafin mutum ya busa ɗaya, shi ne ya tattara ya taho. Yana magana yana zana min a bayan takardar burodi, ni ma in karɓi fensirin in zana masa Uwa da 'Ya. Wani lokaci a takarda ɗaya muke yi, ƙoramata ta bi ta ƙarƙashin gadarsa. Ina jin daga nan abin ya fara cakuɗe min.

Duk wannan hira, ban taɓa nuna masa munduwar ba. Na buɗe ta sau ɗaya a flat, na ga yadda take, baƙa, mai kauri, gefe ɗaya ya fi ɗaya, da 'yan ƙuraje a jikinta. Kusa da kayan da muke ƙerawa sai na ga kamar abin da aka tono a juji. Ɗan Jos ya leƙa ya ce, "Kai, mutumina, wannan kake ta ɓoyo? Ka shiga kanti ka saya wa tsohuwa ta zinariya mana, yanzu wa ke sa wannan? Ko ka yi mata gluing ka huta." Na yi dariya tare da shi, amma raina bai so ba. Kaset kuwa in ya zo daga gida, bayan gaisuwar kowa da kowa, muryar Inna ce ke zuwa a ƙarshe, tana magana da ƙarfi don ba ta yarda rikoda tana ji ba. Ba ta tambayar karatu, ba ta tambayar sanyi. Sai ta ce, "Munduwata fa?"

Na kusa shekara biyu hannuna ya faɗa sosai, har tsohon yana barina da aikin da ba ya ba kowa. Kaina ya kumbura. Wata rana da azahar ya tafi asibiti a duba masa haƙori, ya bar ni ni kaɗai. Na ce yau ce ranar. So nake in haɗa ta, in ajiye masa a kan tebur, in ya dawo in ce ga aikin ɗalibinka. Na kunna wuta, na gasa bakin ɓangarorin biyu a hankali har suka yi ja, na ga akwai 'yar tazara inda wani ɗan guntu ya ɓata tun a dutsen wanki. Sai na miƙa hannu na zaro siririn farin gilashi daga bango, irin wanda muke aiki da shi kullum, na narka shi na cike gurbin, gefe da gefe. Kwalba kwalba ce, in ji Baba, balle wannan da ya fi kowace kwalba tsada da tsabta. Kuma ta haɗu. Wallahi ta haɗu, ta yi kyau, baƙi da fari sun rungumi juna kamar tare aka haife su. Don murna ko tunanin toka ban yi ba, na ajiye ta a kan tebur a fili na tafi wanke hannu.

Ina bakin famfo na ji tas. Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya tsinke. Kafin in juyo na sake jin wata, sai wata. Da na iso, abin da Inna ta ba ni guda biyu ya zama guntaye fiye da yadda zan ƙirga, wasu a tebur, wasu a ƙasa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ba na duka ba, ba na kora ba, tsoron muryar nan ta ƙarshen kaset. Kuma na rasa gane abin da ya faru. Na yi komai daidai yadda aka koya min a gida, na yi komai daidai yadda aka koya min a nan, to ina laifin ya fito? Na zauna a ƙasa ina tsintar guntayen ina zubawa a tafin hannu, ina haɗa wannan da wancan kamar wanda ya zautu.

A haka tsohon ya same ni, kumatunsa a kumbure da auduga. Ya ɗauki guntu ɗaya ya ɗaga shi saitin fitila, sai na ga ashe ba baƙi ba ne ƙirin, can cikinsa akwai wani kore mai duhu kamar ruwan kogo. Ya ƙwanƙwasa shi a haƙorinsa na gaba ya saurara. Ya ce, "Wannan ba daga kwalba aka yi shi ba. Daga ƙasa aka dafa shi. Na wane ne?" Na gaya masa komai. Ya tofar da audugar a kwandon shara, ya fara faɗa, rabi da Turanci rabi da yarensu. Abin da na tsinta shi ne, "Shekara biyu kana cin abinci a gabana, wannan yana aljihunka? Kuma kai kaɗai ka taɓa shi? A garinku haka ake yi, mutum ya yi aiki ba mai riƙe masa wuta?" Na ce a'a. Ya ce, "A namu ma."

Da ya huce ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ya ce kowane gilashi da yadda yake tsukewa in yana hucewa, wani da sauri, wani a hankali. Kwalaben da Baba ke haɗawa kusan dangi ɗaya ne, shi ya sa suke haƙuri da juna. Na Kaka daban ne, na bangon nan kuma daban ne nesa ba kusa ba. In suna cikin wuta sai su yarda da juna, in sanyi ya zo kowa ya ja nasa wajen, sai abin ya tsage. Ya ce, "Mahaifinka ya san wannan. Bai san sunansa ba, amma hannunsa ya sani, shi ya sa ya ƙi." Na tuna yadda nake yi wa Baba kallon mai camfi, kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai.

Kwana huɗu muka yi muna tsince farin daga cikin baƙin, da hantsaki da madubin ƙara girma, duk guntun da farin ya kama sai a fitar da shi. Abin da ya rage bai kai rabin na da ba. Ya ce ba abin da za a ƙara masa, da kansa za a narka shi, abin da ya bayar shi ke nan. Ranar da za mu yi ya zo da wani gwangwanin biskit cike da toka daga murhun gidansa. Akwai na'urar hucar da gilashi a ɗakin, amma ya ce wannan bai san na'ura ba, toka ya sani. Ya ɗumama ta, ya miƙo min sandar ƙarfe ya ce, "Wutar kakanka ce, kai za ka juya. Ni zan riƙe maka." Ya riƙe bakin wutar yana matso da ita yana janyewa yadda na ce, ni ina naɗa narkakken gilashin a ƙarfe ina buɗa shi yadda na ga ana yi tun ina yaro. Bai taɓa ganin irin wannan aikin ba, har yana cewa in rage sauri ya gani. Muka tura ta cikin toka muka rufe gwangwanin.

Washegari da safe muka tona. Munduwa ce, ta fito lafiya, amma 'yar mitsitsiya, sai dai hannun jariri. Tsohon ya goge ta a rigarsa ya ɗaga ta saitin fitila, sai na ga fuskarsa ta canza. A cikin baƙin akwai ɗigon fari guda ɗaya, bai fi ƙwayar gero ba. Ya ce, "Wannan ya ɓuya mana." Na ce to yanzu fa? Ya ce, "Zai iya fasa ta gobe. Zai iya zama a nan har mu mutu. In muka sake mayar da ita wuta ba abin da zai rage. Ban sani ba, ɗana, ban sani ba." Tun daga ranar, duk kaset ɗin da zan aika gida sai in ce wa Inna ana kan aiki.

Da na koma, ban hau dutse ba, don ba kowa a can. An sauko da mutanenmu bakin kwalta, an yi musu gidaje a jere da rufin kwano, masu fasa dutse sun riga sun fara cin 'Ya, yashin kwari kuwa an kwashe shi an yi hanya da shi. Na tarar da Baba yana tsaron shagon ƙanena, a gabansa har da mundayen roba a rataye. Na rasa gabas na rasa yamma, rana ta faɗo min tun da sassafe ta inda ban saba ba. Inna ta bari aka gama gaishe-gaishe aka watse, sannan ta kira ni ɗakinta ta miƙo hannu. Na ba ta ƙullin, tsummanta ne na da. Ta kwance. Ta daɗe tana kallo. Ta gwada sawa, yatsu uku suka shiga, na huɗu ya ƙi. Sai ta kai ta baki ta ƙwanƙwasa a haƙorinta na gaba ta saurara, daidai yadda tsohon ya yi. Ta ce, "Ta Kaka ce." Ta juya ta wajen hasken ƙofa ta ce, "Wannan farin fa?"

Na faɗa mata duka, ban rage komai ba, har da ƙaryar kaset. Na ce ɗigon zai iya fasa ta kowane lokaci. Ina jira ta yi kuka ko ta yi faɗa, na ma fi son ta yi faɗan. Sai ta ce, "Wa ya riƙe maka wuta?" Na ce wani tsohon bature ne, shi ma ɗan dutse, garinsu ma gilashi suke yi. Ta ce, "A toka ta kwana?" Na ce a toka, shi ya kawo daga gidansa. Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To baƙon nan tunda tare suka kwana a toka, a bar shi." Ta mayar da ita cikin tsumman ta ƙulle, ta kama hannuna ta saka min. Ta ce, "Na ce ka dawo min da ita da hannunka, ka dawo. Hannuna ya wuce ta. Ka ajiye wa mai shigarta." Daga nan ta tashi ta shiga neman abin da zan ci. Har ta bar duniya ba ta sake tayar da maganar ba, kuma har yau ban sani ba ko yafe min ta yi, ko kuwa baƙin cikin ne ya fi ƙarfin magana. Na kan zauna in ce wannan ne, gobe in ce a'a, wancan ne.

Da aiki ya sake dawo da ni London bayan shekaru, na je Aldwych da goron da Inna ta ce lallai in kai wa wanda ya riƙe min wuta, ko da yake na farkon ya daɗe da bushewa, sabo na saya a Peckham. Na tarar an mayar da ɗakin wurin ajiye takardu. Wanda na tambaya bai ma san an taɓa hura wuta a wurin ba. Ko tsohon ya koma ƙauyensu, ko a nan aka binne shi, oho. 'Yata ta sa munduwar ranar sunanta, jikata ma ta sa, kowacce sai da na tsaya a kanta ina zullumi har aka cire.

Jiya yarinyar ta dawo da takardarta, wai gobe za a karɓa. Na buɗe akwati na ciro ƙullin na ce ga abin da aka san garinmu da shi, yashin kwarinmu ma yana ciki, ba wani da ya rage sai shi. Na so in ƙwanƙwasa mata a haƙori ta ji, sai na tuna nawa na gaba duk na asibiti ne yanzu, ba sa ba da ƙarar. Na miƙa mata na ce ta gwada da nata, a hankali. Ta yi, ta zaro ido, ta sake yi. Sannan ta ɗauko abin gogewa ta ɗora a kan gadar nan ta ƙauyen da ba namu ba, ta ɗago tana kallona, tana jira in ce ta goge.

Na ce ta bar ta, ta yi mata kala.